Yadda Ake Bin Asalin Tsiro Ko Dabba Har A Kai Ga Sunansa Na Kimiyya

Duk shekara, ranar da za mu fara darasin rarraba halittu a ajinmu na nan Garwa, a arewacin Kamaru, nakan shigo da leda ɗauke da abubuwa shida: garin kuka, kuɓewa, ganyen yakuwa, goro, ƙullin auduga da gyaɗa. Sai in baje su a kan tebur in ce wa ɗalibai, biyar daga cikin nan 'yan dangi ɗaya ne, ɗaya baƙo ne, ku fitar mini da baƙon. Kusan kullum auduga suke ɗagawa, domin ita kaɗai ce ba a ci. Amma gyaɗa ce baƙuwar. Kuka da kuɓewa da yakuwa da goro da audugar da manomanmu ke kai wa kamfanin auduga na Sodecoton duk suna cikin dangin da masana ke kira Malvaceae, tare da rama da lalo da rimi. Gyaɗa kuwa danginta su ne wake da tsamiya da ɗorawa.

Ɗaliban ba shirme suka yi ba. Sun raba kayan ne yadda muka saba rabawa a gida da kasuwa, wato bisa amfani: na ci, na magani, na saƙa, na itacen girki. Kimiyya tana tambayar wani abu dabam, tana tambayar asali: wa ya haɗa jini da wa? Wannan tambayar ana iya bin ta da ido da hannu da haƙuri, ba sai da ɗakin gwaji ba. Abin da zan nuna a nan ke nan, ga ɗalibi mai shirin jarrabawa, da manomi, da mai maganin gargajiya da yake son a san ainihin itacen da yake aiki da shi.

Da farko, riƙe matakalar a ka

Tsarin yana da hawa takwas, daga mai faɗi zuwa mai ƙunci. Littattafan makarantunmu da Faransanci suke, don haka ni da ɗalibaina muka tsayar da kalmomin Hausa da muke amfani da su: daula ita ce domaine, masarauta règne, reshe embranchement, aji classe, sahu ordre, dangi famille, gida genre, jinsi kuma espèce. Wani malamin zai iya zaɓar wasu kalmomin, ba laifi, muddin jerin bai rikice ba. Yi tunanin yadda ake kwatanta mutum: ƙasarsa, jiharsa, garinsa, unguwarsa, zuriyarsa, gidansu, sannan shi kansa. Duk hawan da ka sauka, adadin 'yan ciki yana raguwa, kamanninsu yana ƙaruwa.

Wanda ya kafa ginshiƙin wannan tsari shi ne Karl Linne, ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya rayu daga 1707 zuwa 1778, kuma aka fi saninsa da Linnaeus. Littafinsa na tsirrai, Species Plantarum, ya fito a 1753, kuma daga shi ake fara ƙirga sunayen tsirrai na hukuma. Na dabbobi ana farawa ne daga bugu na goma na Systema Naturae, na 1758. Shi masarautu biyu ya ba masu rai, tsirrai da dabbobi. A 1969 Robert Whittaker ya mayar da su biyar, a 1990 kuma Carl Woese da abokan aikinsa suka ɗora hawan daula a sama, guda uku: Bacteria, Archaea da Eukarya. Biyun farko ƙananan halittu ne masu ƙwaya ɗaya wadda ba ta da cibiya a killace. Duk abin da kake gani yana tafiya ko yana fure, har da kai kanka, yana cikin ta uku.

Kayan aiki

Littafin rubutu mai kauri da fensir, domin tawadar biro tana narkewa idan ruwa ya taɓa ta. Wuƙa mai kaifi ko almakashin lambu. Reza don tsaga fure. Gilashin ƙara girma na hannu, mai ninka abu sau 10 ya isa. Ma'auni mai santimita. Tsofaffin jaridu, kwali, katako biyu masu faɗi da robar tayar babur. Waya mai kyamara. Idan za ka yi aiki da ƙwari, ƙara 'yan kwalabe masu murfi da sinadarin alkohol mai ƙarfin kashi 70, wanda ake samu a kantin magani.

Mataki na ɗaya: tsaya a wurin ka rubuta kafin ka taɓa

Nan ne mafi yawan masu koyo ke yin asara. Suna tsinko ganye su jefa a aljihu su taho, sai an dawo gida a tarar ba wanda ya tuna launin furen, ko tsayin itacen, ko irin ƙasar da ya tsiro a kai. Busasshen samfuri ba ya riƙe waɗannan abubuwa. Ba wa abin lamba tun a wurin, ka rubuta kwanan wata da sunan wuri, da lambobin taswira idan wayarka tana nunawa. Rubuta ko bakin kogi ne, ko jigawa, ko fadama, ko baƙar laka mai tsagewa irin ta karal da ake dasa masakwa a kewayen Marwa. Itace ne, kurmi ne, ciyawa ce, ko mai yaɗo? Ɓawonsa santsi ne ko kaushi? Karce shi kaɗan ka ga launin ciki, ka duba ko yana fitar da ruwa fari kamar nono, ko ƙaro. Murza ganyen ka sansana.

A kula da farin ruwan tumfafiya da na tinya. Idan ya shiga ido yana yin mummunar illa, don haka kada hannun da ya taɓa shi ya kai fuska sai an wanke da sabulu.

Sannan ka tambayi mutanen wurin. Ka sami dattijo ko makiyayi ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, “Baba, don Allah me ake kiran wannan, kuma me ake yi da shi?” Rubuta sunan da Hausa, da Fulatanci, da Larabcin Shuwa idan ka samu, ka rubuta yadda ya faɗe shi. Ina ɗaukar wannan da nauyi ƙwarai. Tun 1916 wani likitan Birtaniya, John Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya haɗa su da na kimiyya, kuma har yau masu bincike suna komawa ga aikinsa. Abin da ya rubuta daga bakin kakanninmu ya ji shi. Yau masu riƙe da wannan sani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaranmu kuma da yawa ba sa bambanta kanya da kaɗanya.

Sai dai sunan gida jagora ne, ba hukunci ba. Kama da wane ba ta wane. Dankalin turawa ba ɗan'uwan dankali ba ne: shi yana dangin Solanaceae tare da tumatir da gauta da barkono da taba, dankalinmu kuwa Ipomoea batatas ne, gida ɗaya da duman kada. Gwandar daji, Annona senegalensis, ba ta haɗa dangi da gwanda ba. Sunan lalo kuma yana ɗauke da jinsi fiye da ɗaya.

Mataki na biyu: tantance masarauta

Yawanci wannan ba ya ɗaukar lokaci. Mai koren ganye da ke haɗa abincinsa da hasken rana tsiro ne, mai neman abinci ya haɗiya dabba ce. Wurare biyu ne ake tuntuɓe. Na farko laimar kwaɗi da funfuna da yis ɗin burodi. Ba tsirrai ba ne, suna da masarautarsu, Fungi, suna narkar da abinci a waje su tsotse, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna sun fi kusa da dabbobi. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi, Aspergillus flavus, tana nan ciki, ita ce mai fitar da gubar da ke lalata hanta. Na biyu shi ne koren abin da ke yawo a kan ruwa. Matan Kanem a Cadi sun daɗe suna kwasar wani daga tafkunan kanwa suna shanyawa a yashi, su yi dihe da shi don miya, abin da kasuwar duniya ke kira sifirulina. Kowa zai ce tsiro ne. Ba tsiro ba ne, yana cikin daular Bacteria gaba ɗaya, wato tun daga hawa na farko hanyarsa ta rabu da ta kuka.

Mataki na uku: ɗauki samfuri mai amfani, ka danne shi

Yanko reshe mai tsawon kamar santimita 30, wanda yake da ganye da fure, ko ganye da 'ya'ya, in an yi dace duka uku. Ciyawa a tumɓuke ta da saiwarta. Reshe marar fure kuma marar ɗa sau da yawa ba ya kai ka ko'ina, domin ganye yana sauya kama da yanayi. Ƙaramar kuka ganyenta falle ɗaya ne, sai ta girma yake rabuwa kamar yatsu biyar zuwa bakwai. Na ga ɗalibai da yawa sun rantse cewa 'yar kuka wani itace ne dabam. Ɗauki biyu ko uku na kowane samfuri, ɗaya naka, sauran na aikawa.

Shimfiɗa reshen cikin ninkin jarida, ka juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, domin za ka buƙaci ganin bayan ganye daga baya. Rubuta lambar a kan jaridar. Jera jarida, kwali, jarida, kwali, ka sa tsakanin katakon nan biyu ka ɗaure tam da roba. Sauya jaridun kullum a kwanaki uku na farko. Da hunturu, mako guda ya isa yawancin ganyaye su bushe. Da damina sai ka jingina matsin kusa da murhu ko inda iska ke kaɗawa, in ba haka ba funfuna ta riga ka. Manyan 'ya'ya irin na kuka ko giginya a busar da su dabam, a ɗaura musu lamba iri ɗaya.

Gandun dajin Waza da na Binuwai da Buba Njida da Faro, haka Zakuma a Cadi, ba a cire ko ganye a cikinsu sai da izinin hukuma. Hoto ya wadatar a can. A gonar mutum kuma a nemi izinin mai gona.

Mataki na huɗu: daga reshe zuwa dangi

A nan aikin yake da daɗi, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Kusan duk tsirran da za ka haɗu da su a ƙasarmu masu fure ne. Tambayar farko: idan irinsa ya tsiro, da ganye ɗaya yake fitowa ko biyu? Kowane manomi ya san amsar. Dawa tana hudowa da tsinke ɗaya, wake yana buɗe kunnuwa biyu. Ko ba ka ga tsirowar ba, ɗaga ganyen ga rana. Jijiyoyi a jere kamar kunyoyin gona, saiwa kamar gashi, sassan fure uku-uku: mai kunne ɗaya ne, irin su dawa, gero, shinkafa, albasa, giginya, goriba da dabino. Jijiyoyi kamar raga, saiwa mai uwa guda, sassan fure huɗu-huɗu ko biyar-biyar: mai kunne biyu ne.

Yanzu tsaga furen a tsaye da reza ka sa gilashi. Ƙirga koren ganyayen da ke ƙasa, ƙirga masu launi, ka ga ko a haɗe suke ko a rabe. Dubi zaruruwa masu ɗauke da ƙurar fure, nawa ne kuma yaya suka tsaya. Dubi mahaifar da za ta zama ɗa, a saman sauran sassan take zaune ko a ƙasa. Zana abin da ka gani ko da zanenka ba shi da kyau, domin hannu yana tilasta wa ido ya lura.

Ɗauki furen kuɓewa ka ajiye kusa da na auduga da na yakuwa. Kowanne yana da fallaye biyar, kuma a tsakiya zaruruwan ƙura sun manne sun zama bututu guda kamar taɓarya. Je gindin kuka da magariba a farkon damina, lokacin da farin furenta mai reto yake buɗewa jemagu suna zuwa sha, za ka ga wannan taɓaryar dai, da tuntu a bakinta. Ƙara da yauƙin da ke cikin ganyensu da zaren da ke cikin ɓawonsu, wanda ake tufka igiyar rama da ta kuka da shi. Ka gane Malvaceae ke nan har abada.

Dangi kaɗan ne suka mamaye yawancin abin da ke kewaye da mu, kuma wanda ya haddace alamominsu ya rage wa kansa rabin wahala. Mai ɗa a cikin kwanso, sau da yawa mai tsagewa gida biyu kamar wake, ganye a rarrabe, sau da yawa da ƙulle-ƙulle a saiwa, Fabaceae ne: wake, gujiya, gyaɗa, tafasa, tsamiya, ɗorawa, gawo, bagaruwa. Mai kara da gaɓoɓi, ganye yana naɗe da karan, fure marar ado a zangarniya, Poaceae ne. Mai yaɗo da igiyar kamawa da ɗa mai ruwa, kamar kabewa da duma da guna da kankana, Cucurbitaceae ne. Darbejiyar da ta yi wa titunan Garwa da Marwa inuwa, wadda asalinta daga yankin Indiya ne, dangi ɗaya take da maɗacinmu, Meliaceae, kuma ɗacin da ke jikinsu biyun ba banza ba ne. Ɓaure da ceɗiya da gamji da durumi ba dangi kawai ba, gida ɗaya suke, Ficus: farin ruwa, da furanni a ɓoye cikin ɗan. Ka lura sunan dangin tsiro yana ƙarewa da aceae, na dabba da idae. Da ka ga wannan wutsiyar ka san hawan da kake.

Mataki na biyar: mabuɗi mai hanya biyu

Daga dangi zuwa gida da jinsi ana amfani da abin da ake kira mabuɗi. Jerin tambayoyi ne, kowace tana da amsa biyu kacal, kowace amsa tana tura ka gaba, kamar mararrabar hanya. Hanya mafi kyau ta koyon karanta shi ita ce ka gina naka. Ga wanda muka gina da itatuwa bakwai na bayan makaranta.

Shin ganyen babba ne kamar mafici, a kan kututture marar rassa? In haka ne, giginya ce. In ba haka ba, ganyen falle ɗaya ne ko a rarrabe yake? In falle ɗaya ne mai manyan jijiyoyi uku daga gindi, ga ƙayoyi biyu-biyu, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya kamar ƙugiya, to ka shiga gidan Ziziphus, sai ka juya ganyen: bayansa fari-fari mai laushin gashi, magarya ce, bayansa kore ba gashi sosai, kurna ce. In a rarrabe yake, ƙirga 'yan ganyen. Biyu kacal da doguwar koriyar ƙaya, aduwa. Suna fitowa daga wuri ɗaya kamar yatsu, kuka. Suna jere gefe da gefe kamar gashin tsuntsu, dubi bakinsu: mai haƙora kamar zarto, darbejiya, mai santsi, ƙanana, ba guda a ƙarshen jerin, tsamiya.

Ƙa'idoji biyu na bin kowane mabuɗi. Karanta amsoshin biyu duka kafin ka zaɓa. Idan kuma ka isa mararrabar da ba ka da tabbas, yi mata alama, ka bi hanya ɗaya har ƙarshe, ka karanta cikakken bayanin jinsin da ka isa gare shi. In bai yi daidai da abin da ke hannunka ba, komo ka bi ɗayar. Kada ka matsa wa samfuri ya shiga sunan da kake so.

Me ya sa magarya da kurna jinsi biyu ne, amma masakwa da jar dawa da farfara jinsi ɗaya, Sorghum bicolor? Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne haihuwa: 'yan jinsi ɗaya suna barbara a tsakaninsu su haifi 'ya'ya masu iya haihuwa. Doki da jaki gida ɗaya suke, Equus, har suna haifar alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa, domin doki yana da sandunan gado (wato chromosomes, masu ɗauke da gado a cikin ƙwayar jiki) 64, jaki 62, shi kuma ya tashi da 63 da ba sa rabuwa daidai. Nau'o'in dawa kuwa suna gauraya a gona, don haka iri-iri ne a cikin jinsi guda.

Idan dabba ce

Hanyar ɗaya ce, tambayoyin ne suka bambanta. Tana da ƙashin baya? In babu, ƙirga ƙafafu. Shida da jiki kashi uku, ajin Insecta ne: fara, sauro, zuma, gara. Takwas, ajin Arachnida ne: gizo-gizo, kunama, da kaskar da ke addabar shanu. In akwai ƙashin baya, dubi abin da ya rufe jikin da yadda take ciyar da ɗanta. Gashi da nono sun fi fiffike ƙarfi wajen hukunci, shi ya sa jemage yake ajin Mammalia tare da akuya.

Kasuwar kifi makaranta ce kyauta. Je inda ake sauke kifin tafkin Lagdo da safe ka roƙi mai kifi ya bar ka ka duba. Tarwaɗa, Clarias gariepinus, ba ta da ɓamɓaroki, tana da gashin baki guda takwas da doguwar ƙaya mai laushi a gadon baya. Ƙarfasa, Oreochromis niloticus, tana da ƙofar hanci ɗaya tak a kowane gefe, layin da ke gefen jikinta kuma a katse yake gida biyu, alamun dangin Cichlidae ke nan. Gaiwa, Protopterus annectens, wadda ke binne kanta a laka ta yi rani tana numfashi da huhu, ta fi kusa da kwaɗo a asali fiye da yadda take kusa da ƙarfasar da ke kwance gefenta a faranti.

Sunayenmu na dabbobi ma suna bin kama. Giwan ruwa kifi ne, Lates niloticus. Wanda ya haɗa asali da giwa a cikin ruwa shi ne ayu, Trichechus senegalensis, da ake samu a Binuwai da tafkin Lere na Cadi. Dorinar da ake kallo daga gadar Garwa danginta mafi kusa a yau su ne manyan dabbobin teku masu shayarwa irin su whale da dolphin. Kura kuma, duk da kamarta da kare, ta fi kusa da kyanwa. Waɗannan ba da ido aka gano su duka ba, ƙashi da ƙwayoyin gado ne suka nuna.

Ƙwari a sa su a alkohol, da 'yar takarda mai rubutun fensir a cikin kwalbar. Tsuntsu da dabbar daji hoto kawai. Maciji kuwa, ina roƙonka da girman Allah, daga nesa. Kububuwa, ta gidan Echis, ƙarama ce amma tana kashe mutane da yawa a kwarin Binuwai, kuma ko kan mataccen maciji yana iya sara.

Mataki na shida: rubuta sunan daidai, ka tabbatar da shi

Sunan jinsi kalma biyu ne na Latin. Ta farko sunan gida, da babban baƙi. Ta biyu da ƙaramin baƙi ko da sunan ƙasa ce. A na'ura ana karkatar da rubutun, da hannu ana ja wa kowace kalma layi. Kalma ta biyu ba ta tsayawa ita kaɗai: senegalensis kawai ba ta nufin komai, domin maɗaci Khaya senegalensis ne, gwandar daji da ayu ma suna ɗauke da ita. Abin da ke biyo bayan sunan, kamar L. a Adansonia digitata L., taƙaitaccen sunan wanda ya raɗa shi ne, a nan Linne. In ka kai gida amma jinsi ya gagara, rubuta Ficus sp. ka tsaya nan. Wannan ya fi ƙagen suna daraja nesa ba kusa ba, musamman ga mai magani, inda kuskuren jinsi kan iya zama kuskuren rai.

Sunayen suna ɗauke da labari. Adansonia daga Michel Adanson ne, Bafaranshen da ya yi shekaru yana nazarin tsirrai a Senegal tun daga 1749, digitata kuma tana nufin mai yatsu. Ɗorawa, Parkia biglobosa, ta ɗauki sunan Mungo Park, Baturen da ya yi yawon bincike a kogin Neja. Tamarindus daga Larabci ne, tamar hindi, dabinon Indiya, ko da yake tsamiya 'yar Afirka ce. Ƙoƙon kan wani daɗaɗɗen ɗan'uwan ɗan Adam da aka tono a hamadar Jurab ta Cadi a 2001, wanda aka sani da Tumai, an sa masa Sahelanthropus tchadensis. Yana yi mini ciwo cewa itatuwan da kakanninmu suka rayu a inuwarsu suna amsa sunan baƙin da suka zo jiya. Maganin abin a wurina shi ne yaranmu su ƙware har su zama masu raɗa suna.

Sunaye suna sauyawa, don haka tsohon littafi zai iya ba ka tsohon suna. Gawo da ake rubutawa Acacia albida yanzu Faidherbia albida ne. Bayan taron masana tsirrai na 2011 a Melbon, sunan Acacia ya tabbata ga na Ostareliya, bagaruwa ta zama Vachellia nilotica, dakwarar da Cadi ke fitar da ƙaronta zuwa ƙasashen waje ta zama Senegalia senegal. Gero da muka haddace a matsayin Pennisetum glaucum an mayar da shi gidan Cenchrus, wato gida ɗaya da ƙarangiya. Kuka kanta a tsofaffin littattafai tana dangin Bombacaceae. Duba sunan da ka samu a shafin Plants of the World Online na lambun tsirrai na Kew da ke Landan, ko a GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya a intanet, za su nuna maka wanda ake karɓa yanzu.

Manhajojin waya irin su Pl@ntNet da iNaturalist suna taimakawa, ina amfani da su. Amma shawara suke bayarwa, kuma sun fi ƙwarewa a wuraren da aka fi ɗora musu hotuna. Ɗauki abin da suka faɗa ka gwada shi da furen da ke hannunka. Hukunci na ƙarshe shi ne kwatanta samfurinka da wanda masani ya riga ya tantance. Makarantar horar da jami'an gandun daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970, tana da ma'ajiyar busassun tsirrai, babbar ma'ajiya ta ƙasa kuma tana Yawunde. Malaman sashen halittu na jami'o'in Ngaundare da Marwa su ma ana iya kai musu.

Mataki na bakwai: ɗinke shi a takarda

Idan samfurin ya bushe ƙayau, ɗora shi a farar takarda mai kauri, girman santimita 42 da 30, ka kama shi da siraran tsinkayen takarda masu gam ko ka ɗinke da zare. Irin da ya zube a sa a 'yar ambulan a manna a gefe. A kusurwar dama ta ƙasa ka manna takardar bayani. Ga yadda ta kuka za ta kasance a jere: daula Eukarya, masarauta Plantae, reshe Magnoliophyta, aji Magnoliopsida, sahu Malvales, dangi Malvaceae, gida Adansonia, jinsi Adansonia digitata L., ɗaya daga jinsi 8 na gidan, waɗanda 6 daga cikinsu a Madagaska kawai suke. A ƙarƙashi sai sunan Hausa da na Fulatanci, wurin da aka samo, kwanan wata, lambar samfuri, sunanka, da duk abin da ka rubuta a mataki na ɗaya, har da abin da Baba ya ce ana yi da ita.

Ajiye takardun a kwance cikin akwatin ƙarfe mai rufuwa sosai, nesa da ƙasa saboda gara, da 'yan ƙwayoyin kafur a kusurwa. Idan ka ga gari-gari yana zuba daga ganye, ƙwaro ya shiga: naɗe takardar a leda ka sa a injin ƙanƙara na kwana uku ko huɗu. Itacen da ka tarar ba fure, rubuta wurinsa a bayan littafinka ka koma masa. Kuka sai farkon damina, magarya wajen ƙarshenta, gawo kuwa sai ruwa ya ɗauke, lokacin da sauran itatuwa ke zubar da ganye shi yake fitar da nasa.